Jinyar mahaifina ta gajiyar da ni, kuma ina jin kunyar faɗa

Autar_Baba:
Salama gare ku 'yan uwa. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai na kasa riƙewa. Mahaifina ya haura tamanin. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, tun bara kuma gigin tsufa ya shigo. Ni ce a kansa dare da rana: wanka, canjin famfas, juya shi, ba shi abinci cokali-cokali, wankin zanen gado kusan kullum. Da dare sai ya kira ni sau biyar ko shida, in na zo ya ce ba shi ya kira ba, ko ya tambaye ni ina mahaifiyata, wadda ta rasu shekara tara da suka wuce. Na manta rabona da barcin awa huɗu a jere.

Shekaranjiya ina ba shi abinci ya tofar a jikina, karo na uku a zama ɗaya. Na buga cokalin a faranti na daka masa tsawa. Ya ɗago ya kalle ni, idonsa ya ciko, ya ce, "Yi haƙuri, Auta." Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada yara su ji kukana. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne, a daren nan ya kira ni, ina jinsa sarai, na yi lamo kamar mai barci har ya gaji ya yi shiru.

Don Allah waɗanda suka yi doguwar jinyar tsoho, ku gaya mini gaskiya. Wannan gajiya ce, ko zuciyata ce ta ƙeƙashe? Ku ma haka kuka ji? Yaya kuka yi?

Hajiyar_Gida:
Allah sarki ƙanwata. Allah ya ba da lada, ya sa ki gama da shi lafiya. Ki ƙara haƙuri, wata rana sai labari.

Abu_Yara:
Ina tausaya miki, amma gaskiya ɗaya ce. Iyaye ko uffan an hana mu ce musu, balle tsawa. Lokacin da kike jaririya su ma ba su yi barci ba. Ki nemi gafararsa, ki yawaita istigfari.

Na_taɓa_jinya:
Malam Abu_Yara, ai ta san wannan, shi ya sa ta shige banɗaki tana kuka. Wanda bai san haƙƙin iyaye ba ba ya shekara uku yana wanke musu jiki. Kwatancen jariri kuma mutane suna yawan kawo shi, amma bai zauna ba. Jariri kullum gaba yake yi, yau zama, gobe rarrafe, jibi tafiya, kuma da hannu ɗaya kake ɗaga shi. Tsoho kullum baya yake yi, nauyinsa na babban mutum, kana kallon wanda ya raine ka yana sulalewa daga hannunka ba ka da yadda za ka yi.

Autar_Baba, shekara biyar na yi a kan mahaifiyata. Abin da kika bayyana gajiya ce, na san ta kamar yunwar cikina. Akwai ranar da na tsaya a bakin ƙofarta da kofin ruwa a hannu, na rasa me ya kawo ni. Akwai daren da na ba ta maganin safe a madadin na dare, sai da na ga kwalin a hannuna na farga. Tun ranar na daina kallon barcina a matsayin son jiki, na gane rashinsa ita zai cutar kafin ni. Zuciyar da ta ƙeƙashe ba ta zuwa ta rubuta abin da kika rubuta.

Abu_Yara:
Na karɓi gyara a kan kwatancen. Ban yi nufin ƙara mata nauyi ba, tunatarwa ce kawai. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Nas_ta_dare:
Ƙanwata, bari in yi miki magana ta fuskar aikina. Mu a asibiti awa takwas ko goma sha biyu muke yi, mu miƙa wa wata, mu tafi gida mu kwanta, kuma duk da haka muna gajiya har mu yi kuskure. Ke kina yin aikin safe da na rana da na dare ke kaɗai, shekara uku ba wanda ya karɓe ki. Saurin fushi, mantuwa, ciwon kai, jin kiran mutum ya zama kamar an soka miki allura, duk alamun jiki ne da ya kai iyakarsa.

Maganar tofar da abinci nake so ki duba da kyau, don ba lallai ne ganganci ba. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye sau da yawa haɗiya tana yi masa wuya, abincin yana taruwa a kuncin da ya shanye bai ma sani ba, sai an ƙara masa wani cokalin ya rasa inda zai kai shi. Ki zaunar da shi sosai, ba a kishingiɗe ba, kansa ɗan sunkuye kaɗan. Ƙaramin cokali, ta ɓangaren da ke da lafiya. Ki kalli maƙogwaronsa ya motsa kafin ki ƙara. In kun gama ki leƙa kuncin ki share abin da ya maƙale, kuma kada ki kwantar da shi sai bayan kamar rabin awa. In yana tari ko yana ƙwarewa yayin ci, ko muryarsa ta zama kamar akwai ruwa a ciki, ki gaya wa likita, saboda abinci yana iya bin hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu. Ki haska bakinsa da fitilar waya ma, wani lokacin gyambon baki ne ko haƙori.

Autar_Baba:
Anti Nas, wallahi ban taɓa leƙa kuncinsa ba. Ni duk zatona ƙin ci yake yi. Yanzu abin ya ƙara damuna, ashe tsawa na yi masa a kan abin da ba shi da iko a kai.

Nas_ta_dare:
Ba wanda ya koya miki. Mu sai da muka zauna a aji aka koya mana. Ki riƙe shi don gobe kawai.

Ɗan_fari_a_nesa:
Ni zan yi magana a matsayin mai laifi. Ƙanwata ce take jinyar mahaifiyarmu, ni ina aiki a nesa. Duk wata ina tura kuɗi, a raina na sauke nauyi. In ta yi ƙorafi sai in ce me kuma ya rage, ba na tura ba? Sai da ita kanta ta kwanta ciwo na ɗauki hutun mako guda na karɓe ta. A dare na uku, wajen ƙarfe biyu, ina tsaye da jiƙaƙƙen zanen gado a hannu, na riga na canza sau biyu, tsohuwa tana kuka tana cewa in kira mata 'yarta, ni ba ta san ni ba. Na zauna a ƙasa na jingina da bango. Kwana uku kacal. Ita ta yi shekara biyu a haka ina ce mata me ya rage.

Autar_Baba, kina da 'yan uwa?

Autar_Baba:
Mu biyar ne, Yaya. Suna bugo waya su ce ya jikin Baba, ban taɓa jin wanda ya ce ke ya naki jikin ba. In sun zo kuma wani abin mamaki, sai Baba ya wartsake, ya gaishe su da sunayensu, har ya yi dariya. Su yi rabin awa su tashi suna cewa ai alhamdulillahi ya samu sauƙi. Suna fita ya koma, daren ma ya fi kowane dare wuya. Sai in zama kamar mai ƙara gishiri.

Na_taɓa_jinya:
Wannan kusan duk mai jinyar gigin tsufa ya san shi. Tsohon yana tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa don baƙi, in sun tafi ya zube a hannun wanda ya saba da shi. Mai ziyarar rabin awa ba zai taɓa ganin abin da mai kwana yake gani ba.

Mai_lissafi:
Shawarata ɗaya ce, kuma ta yi mana aiki. Ki daina cewa "ku taimaka", don kalma ce da ba ta da rana ba ta da lokaci, kowa zai ce in sha Allah ya wuce. Ki ɗauki takarda ki rubuta duk abin da kika yi na kwana uku, da ƙarfe nawa: 1:10 ya kira, 2:40 canjin famfas, 4:00 juyi, haka har wayewar gari. Ki ɗauki hotonta ki tura musu ba tare da ƙarin ko kalma ɗaya ta ƙorafi ba. Sannan ki ce ina buƙatar dare biyu a mako, wa zai ɗauki Talata, wa zai ɗauki Asabar. Wanda ba zai iya zuwa ba ya biya wanda zai kwana. In kin karɓi daren kuma ki bar ɗakin gaba ɗaya, in da hali ki bar gidan, don in kina jiyo muryarsa ba za ki runtsa ba.

Suruka_ce:
Ku da iyayenku ne ma da sauƙi. Ni uwar mijina nake jinya, shekara ta biyu ke nan. Ni nake mata wanka, ni nake kwashe komai, amma duk wanda ya shigo sai ta ce masa na sace mata kuɗi da zobe. Zoben nan na tsince shi a cikin rigar filo, na tsince shi a cikin takalmi, ita take ɓoyewa ta manta. Wasu daga cikin 'ya'yanta har sun fara yi mini wani kallo. Aikin bai fi ƙarfina ba kamar yadda wannan kallon ya fi.

Nas_ta_dare:
Suruka_ce, zargin sata yana daga cikin abubuwan da aka fi gani a cutar mantau, wato gigin tsufa, kuma kusan kullum a kan wanda ya fi kusa yake sauka. Ƙwaƙwalwa ta manta inda ta ajiye abu, sai ta cike gurbin da labarin da ya fi mata sauƙi. Musu da ita ba ya amfani, ki ce "mu nema tare" kawai. Amma 'ya'yanta dole su ji wannan bayanin daga bakin likita, ba daga bakinki ba. Mijinki ya tara su ranar ganin likita, ya yi tambayar a gabansu.

Hajiyar_Gida:
Ni fa da na ce ta yi haƙuri ban san abin ya kai haka ba. Tawa mahaifiyar kwana goma sha ɗaya ta yi a kwance Allah ya ɗauke ta, ban san doguwar jinya ba. Ku yi mini afuwa.

Ɗalibin_likita:
Ina so in ƙara wasu alƙaluma don Anti ta san ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane sama da miliyan 55 ne ke fama da cutar mantau a duniya, kuma kusan miliyan 10 ke kamuwa da ita duk shekara. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in Alzheimer ne, wanda ya samo suna daga likitan Jamus da ya bayyana shi a 1906. Hukumar ta ce mata ne ke yin kashi 70 cikin 100 na awannin kula da masu cutar, kuma dangi suna ba da kusan awa biyar a kullum a matsakaicin lissafi.

Gajiyar kuma a jiki ake ganinta, ba a zuciya kaɗai ba. A 1995 masu bincike a Amurka sun yi wa mata masu jinyar dangi da waɗanda ba sa jinya ɗan ƙaramin rauni iri ɗaya a hannu, na masu jinyar ya ƙara kusan kwana tara kafin ya warke. A 1999 kuma wasu masu bincike, Schulz da Beach, sun gano masu jinyar da ke cikin matsi haɗarin mutuwarsu ya fi na waɗanda ba sa jinya da kashi 63 cikin 100 a tsawon shekara huɗu.

Mai_bin_diddigi:
Ɗalibi, a yi hattara da na ƙarshen nan kada a tsorata ta. Binciken 1999 a kan tsofaffi aka yi shi, masu shekara 66 zuwa sama, masu jinyar mazajensu ko matansu, kuma ƙarin haɗarin ya bayyana ne a kan waɗanda suka ce suna cikin matsi, ba kowane mai jinya ba. An yi wasu binciken daga baya da suka nuna masu jinya gaba ɗayansu ba sa riga sauran mutane mutuwa. Abin da ke cutarwa shi ne jinya ba hutu ba mataimaki.

Ɗalibin_likita:
Haka ne Yallabai, na gode da gyara. Awa biyar ɗin ma matsakaici ne, wanda ke jinyar wanda ba ya tashi ya ninka shi ba sau ɗaya ba.

Kawu_Direba:
Ni dai in ce, me zai hana a samo masa maganin barci a riƙa ba shi da dare? Shi ya huta, ita ma ta huta. Wani abokina haka ya yi wa babansa.

Nas_ta_dare:
Kawu, don Allah kada kowa ya yi wannan da ka. Magungunan barci irin su diazepam suna daɗewa a jikin tsoho, suna ƙara masa ruɗewa, suna sa ya faɗi in ya yunƙura, ga wanda haɗiya ke yi wa wuya kuma sun fi haɗari. Faɗuwa ɗaya ta karya ƙugu ta isa ta canza komai. In likita ne ya duba ya rubuta, wannan daban.

Kafin a kai ga magani akwai abin dubawa. Me ke tada shi? Ciwo ne, fitsari ne, jiƙaƙƙen famfas ne, ko tsoron duhu? Da yawa masu cutar mantau suna rikicewa da faɗuwar rana, inuwa ta zame musu mutane. A fito da shi ya ga hasken rana da safe, a rage masa dogon barcin rana, ruwa ya sha sosai da rana a rage gab da kwanciya, a bar ƙaramar fitila a kunne. Kuma wannan ku riƙe shi da kyau: in tsoho ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu fiye da yadda aka saba, kada a ce tsufa ne. Ƙwayoyin cuta a mafitsara, taurin bayan gida, ƙarancin ruwa a jiki ko sabon magani duk suna jawo haka, kuma ana warkar da su.

Tsohon_malami:
'Ya'yana, ku bar ni in yi magana daga ɗaya ɓangaren. Shekarata 74, ina tafiya da sanda, 'yata ce take ɗaura mini igiyar takalmi yanzu. Duk lokacin da ta durƙusa sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙirji. Na karanta "yi haƙuri, Auta" ɗin nan sau uku. Na san daga inda maganar ta fito. Ba tsoronki ya ji ba, 'yata. Kunyar wahalar da yake ba ki ce. Mu tsofaffi muna ganin gajiyarku ko ba ku faɗa ba, muna ganinta a yadda kuke ajiye kofi.

Ni na riga na tara nawa tun ina da hankalina na ce musu, in na kwanta ban yarda mutum ɗaya ya ɗauke ni ba, ku raba. In kun samu mai taimako ku ɗauka, ba raini ba ne a wurina. Da mahaifinki yana da bakin faɗa yanzu, ina kyautata zaton abin da zai ce ke nan.

Autar_Baba:
Baba, ka sa ni kuka. Na gode. Allah ya ƙara maka lafiya.

Mai_ciwon_baya:
Ni namiji ne, ni nake jinyar mahaifina wata goma sha huɗu. Ba a cika jin mu ba saboda ba ma faɗa. Bayana ya riƙe a wata na huɗu, saboda ta hammata nake ciccibar sa ina sunkuye. Wani mai gashin ƙashi ya nuna mini dabara: ka ninke zanen gado ka shimfiɗa shi a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya, in za ka juya shi ko ka ja shi sama zanen za ka kama, in da mutum biyu kowa ya riƙe gefe. Ka lanƙwasa gwiwa, ka matso da shi jikinka, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. Juyin awa bibbiyu kuma kada a yi wasa da shi. Sakacin kwana biyu na yi lokacin da bayan ya hana ni motsi, jan tabo ya fito masa a tsatso, ya buɗe ya zama gyambo, wata uku muna wanki. A duba tsatso, diddige, ƙugu da kafaɗu kullum. In ka danna jan wuri da yatsa bai yi fari ba, gyambo ya fara.

Baƙuwa_a_Turai:
A inda nake akwai abin da suke yi, a kai tsoho cibiyar kula na wasu kwanaki ko na wuni, don mai jinya ya huta. Jamus ta kafa inshorar kula da masu dogon rauni a 1995, Japan ta yi nata a 2000, saboda sun ga iyali kaɗai ba za su iya ba. Ban ce tsarin ba shi da matsala ba, amma aƙalla an yarda cewa mai jinya ma mutum ne mai gajiya.

Abu_Yara:
A nan kam ban yarda ba. Ni ba zan ɗauki mahaifina in miƙa wa baƙi ba, ko na wuni ɗaya. Wanda kuɗi ya kawo shi ba zai yi masa abin da ɗansa zai yi ba.

Suruka_ce:
Malam, da girmamawa, a gidanku wa ke canza masa famfas in ya kwanta? In kai ne da hannunka, na yi shiru. Na sha jin wannan maganar daga bakin waɗanda ba su taɓa kwana a ɗakin ba.

Abu_Yara:
Nawa mahaifin yana kan ƙafafunsa har yanzu, don haka ba zan yi iƙirarin abin da ban yi ba. Amma tsoron da nake ji gaskiya ne, ana cin zalin tsofaffi a hannun 'yan aiki.

Mai_bin_diddigi:
Ana yi, ba musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida masu shekara 60 zuwa sama ya fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, kuma wannan lissafin na waɗanda ke zaune cikin al'umma ne, ba na cibiyoyi ba. Wato a gidaje ma yana faruwa, a hannun nasu. Tsawa, hantara, barin mutum cikin fitsari, da yawansu daga hannun da ya gaji suke fitowa, ba daga mugu ba. Ɗauko mataimaki kuma ba yana nufin ka juya baya ba. Kana nan, kana duba jikinsa, kana shigowa ba sanarwa, kana kallon fuskar tsohon in mataimakin ya shigo.

Mai_lissafi:
Mu na dare kawai muka ɗauka, sau uku a mako, kuma makon farko tare muka kwana da ita har tsohuwa ta saba da fuskarta.

Bayan_rasuwa:
Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, zan faɗa a nan saboda Autar_Baba. Mijina ya yi shekara shida a kwance. A shekarar ƙarshe akwai daren da na ce a zuciyata, Allah ka kawo ƙarshen wannan. Ban san ko don shi na roƙa ko don ni ba. Da ya rasu, a daren farko na yi barcin awa tara, na farka na tsani kaina saboda daɗin barcin. Wata shida ina ɗauke da wannan, ba na iya cin abinci, ba na son ganin kowa, sai da 'yata ta kai ni wurin likita aka ce ciwon damuwa ne, kuma ya fara tun mijina yana raye. Da na je da wuri da na fi yi masa jinya mai kyau a ƙarshen.

Ƙanwata, in kin ga kin daina jin daɗin komai, ko kuka ba dalili kullum, ko tunanin cutar da kanki ko cutar da shi ya fara zuwa miki, kada ki jira. Ki ga likita don kanki, ba don Baba ba. Har yau ina farkawa ƙarfe uku, lokacin juyinsa, in miƙa hannu.

Na_taɓa_jinya:
Yaya, ni ma na yi wannan addu'ar. Ban taɓa zaton zan ga wani ya rubuta ta ba.

Autar_Baba:
Na dawo in ba ku labari bayan kwana tara. Na yi takardar da Mai_lissafi ya ce, na tura. Babban yayanmu ya kira ni ya yi shiru a waya ya fi minti ɗaya, sannan ya ce shi zai ɗauki daren Asabar. Ɗaya yayata ta ji haushi, ta ce tona musu asiri nake yi, har yanzu ba ta ɗaga wayata. Sauran biyun sun ce za su duba. Dare ɗaya dai na samu cikin biyun da na nema.

Asabar ɗin na kwana a wani ɗakin na rufe ƙofa. Ƙarfe biyu na farka a firgice na sauko daga gado kafin in tuna ba ni ba ce yau. Na koma, ban sake motsi ba sai da rana ta fito. Da safe na tarar da Yaya zaune a bakin gadon Baba idonsa jawur, bai ce komai ba, ya riƙe hannuna kawai.

Anti Nas, na haska bakin. Akwai gyambo a cikin kuncin dama, inda haƙori ke gogar sa. Likita ya gani ya ba da magani, yanzu tofarwar ta ragu sosai. Ban ce na warke ba, jiya ma na ji fushin ya taso, amma na ajiye cokalin na fita tsakar gida na dawo.

Saura tambaya ɗaya. In ya ce ina mahaifiyata, me zan ce? Duk lokacin da na ce ta rasu sai ya yi kuka kamar yau aka gaya masa, bayan awa ɗaya ya sake tambaya. Ƙarya kuma ba na so in yi masa.

Abu_Yara:
Ni dai ina ganin gaskiya ta fi, a faɗa masa cikin lallashi a yi mata addu'a tare. Amma ku da kuka yi jinyar kun fi ni sani.

Nas_ta_dare:
Gaya masa sau goma a rana makoki goma ne, kuma ba zai riƙe ko ɗaya ba. Tsakanin ƙarya da wannan akwai hanya. Sau da yawa ba labarin inda take yake nema ba, kewa ce ko tsoro.

Bayan_rasuwa:
Ni mijina mahaifiyarsa yake nema, wadda ni ban ma taɓa gani ba. Sai in zauna kusa da shi in ce, "Kana kewarta ko? Ba ni labarinta." Wani lokacin ya ba ni har barci ya ɗauke shi. Wani lokacin kuma ya tsare ni da ido ya ce, "Ta mutu ko?" In ya tambaya haka kai tsaye, sai in ce e, in riƙe hannunsa.

Autar_Baba:
Zan gwada yau da daddare. Yanzu ma ga shi can yana kira.